An Hana Ni Wanke Kawu

An hana ni wanke gawar kawuna. Da wannan zan fara, domin shi ne ya tokare mini maƙogwaro, in ban fitar da shi ba sauran maganar ba za ta wuce ba. Kawu, yayan mahaifiyata, da bakinsa ya ce ni zan wanke shi. Ranar da aka kai shi ɗakin wankan gawa na masallacinmu, na riga na naɗe hannun riga, na sa safar roba, sai babban ɗansa ya tare ƙofa da kafaɗa, yana murmushi, ya ce a gaban liman da dattawa:

"Haba taubashi, kai da kake ganin matattu a tashar bas? In muka bar ka da shi ai sai ka fito ka ce mana ya yi maka magana."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a wurin mutuwa a haɗiye ta da sauri. Ɗan kawu da ɗan gwaggo abokan wasa ne, kowa ya sani, abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a riƙe shi. Da na yi fushi, da ni ne marar mutuncin da ya tayar da faɗa a kan gawa. Ya san haka, shi ya sa ya zo mini ta hanyar wasa. Aka rufe ƙofa. Na tsaya a waje da safa a hannu ina jin zubar ruwa.

Na Allah ne mu, gare Shi Kawu ya koma, mu ma muna kan hanyar. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa fiye da ɗakin da ya ƙare a ciki.

A zaman makoki a gidansa na unguwar Abbey Wood a Landan na zauna bakin ƙofa kusa da takalma ina jin abin da mutane ke faɗa. Wani ya ce mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga murya ba. Ƙarya ne, ni ya ɗaga mini. Wani ya ce ba ya wuce sahun farko. Wannan gaskiya ne. Wani dattijo mutumin Gana, da Hausarsu ta zango, ya ce: "Lokacin da mata na ya haifu, kansa ya rikice, wannan tsofo ne ya zauna da shi har ya dawo daidai." Aka yi masa shiru, aka miƙa masa dabino, domin ba irin alherin da ake so a ambata a bainar jama'a ba ne. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu ta zo da furanni, aka rasa inda za a sa su, aka ajiye a kan firji. Ta tambaya ina littattafansa. Babban ɗan ya yi kamar bai ji ba, ya juyo ga mutane ya ce:

"Baba bai san komai ba a duniyar nan sai Alƙur'ani da carbi."

Kowa ya ce Allahu Akbar. Autar Kawu, wadda aka haifa a nan, tana tsaye a ƙofar kicin da tiren shayi, ta dube ni, ta koma ciki.

To, shi ya sa nake wannan rubutu. An binne shi sau ɗaya a ƙasar Landan mai danƙo, ga shi ana so a sake binne shi da baki, a mai da shi wani tsoho irin kowane tsoho. Ni ba mai boko ba ne. A tsakiyar sakandare na tsaya, aikina gadi a wani kanti a Old Kent Road. Rubutun yadda ya zo haka za ku karɓe shi.

Kawu ya zo ƙasar nan karatu tun ina rarrafe, ya zama nas a asibitin masu taɓin hankali, a nan ya yi ritaya. Ya san Alƙur'ani, ya san carbi, ba a yi ƙarya ba. Amma ya san wani abu kuma. Duk shagon gwanjon da ke tsakanin Abbey Wood da Dagenham ya san shi da hularsa zanna a kan kwat ɗin sanyi, yana duƙe yana tonon tsofaffin littattafan tsoro na Turawa. Labaran manyan gidaje masu duhu a bayan gari, da hoton kaka a bango da idonsa ke bin mutum, da ɗakin da aka ce kada a buɗe, da ƙwanƙwasar da ake ji ba a ga mai yi ba. Su ya cika falo da su, har kan matakala. Yana karantawa yana cin goro, ya yi alamar shafi da takardar sayayya ta kanti.

Da farko na ɗauka shirme ne na tsufa. Na ce masa, "Kawu, mutum kamar ka, da furfura, da tatsuniyar Turawa?"

Ya ce, "Ɗauko kwat ɗinka."

Akwai kangon wata tsohuwar majami'a a bakin dajin unguwarsu, duwatsu ne kawai suka rage, mutane na yawo da karnuka a wurin. Nan ya fi son zama da hantsi. Ya ce yana tuna masa kufan garinsu. Muka zauna a kan wani guntun bango, ya ɓare goro, ya ce:

"Ɗan ƙanwata, me ya fi ba ka tsoro, kura ko uwarka?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kura in ka gan ta a daji, ka ruga gida, shi ke nan. To ka ce ka shigo gida, ka tarar da uwarka tana tuƙa tuwo. Bayanta ne, zanenta ne. Ta juyo, fuskarta ce, amma idon bai san ka ba. Ina za ka ruga? Gida ka riga ka zo."

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi da rana tsaka.

Ya ce wannan tashin tsikar shi ne duk abin da littattafan nan suke nema. Ba baƙo ne ke ba mutum irin wannan tsoro ba, na gida ne da ya dawo da wata kama. Ya ce likitocin tunani na Turai sun daɗe suna karanta labaran nan kamar yadda ake sauraron marar lafiya, kuma abin da suka gano shi ma ya gani da idonsa a asibiti. Babban gidan nan mai duhu kan mutum ne. Ɗakin da aka kulle shi ne abin da mutum ya ƙi tunawa, ko abin da dangi suka haɗa baki a kan ba za a faɗa ba. Ƙwanƙwasar kuwa, abin ne yake cewa ban mutu ba. In a labari mutum ya haɗu da mai kama da shi sak a lungu, to kansa ya gani, ɓangaren da ya yi shekaru yana cewa ba nasa ba ne.

Yana da maganganu da yake maimaitawa har na haddace. "Fatalwa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba." Da kuma, "Abin da ka binne da rai, shi zai zo maka gaisuwa." In aka kawo masa labarin wani da aka ce aljanu sun shige shi, ba ya musu. Sai ya ce, "Aljanu gaskiya ne, Littafi ya faɗa. Amma kafin a tafi wajensu, a tambaya me aka yi wa yaron a gida." Wannan tambaya ta sa mutane da yawa suka daina kawo masa labari. Wasu kuwa ta ƙofar baya suke zuwa.

Ni ma ta ƙofar baya na zo. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a gida, takarduna ba su daidaita ba, in na fita ba zan dawo ba. Ban je ba. A waya aka gaya mini an kai ta. Ban yi kuka ba, na tafi aiki. Bayan 'yan watanni na fara ganin ta. Ina tsaye a ƙofar kanti, sai in hango ta a tashar bas ta tsallaken titi, da mayafinta ruwan ƙasa, ta riƙe leda, tana duban motoci kamar mai jiran wani. Bas ya zo ya tsaya ya wuce, babu ita. Aka yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, na yi hayaƙi har ƙararrawar gobara ta ɗakina ta tashi. Ba ta daina zuwa ba.

Kawu bai ce mini aljana ce ba, bai ce mini hauka ne ba. Ya zo da kansa, ya tsaya tare da ni a ƙofar kantin cikin ruwan sama, ya ce in nuna masa wurin. Na nuna. Ya daɗe yana kallo. Ya ce:

"Ƙanwata ce kafin ta zama uwarka. Ni ma ban je ba. Me take jira a wurinka?"

Na ce ban sani ba.

"Ka sani."

Nan na fashe. Ƙato da ni, da rigar gadi, a gaban masu sayen doya. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba, cewa ta yi ta roƙo na in zo ta gan ni, ina cewa baɗi. Ya bar ni na gama. Ya ce hannuna bai taɓa ƙasar kabarinta ba, shi ya sa zuciyata ba ta yarda ba. Ranar Juma'a ya tara mutane kaɗan muka yi mata addu'a, ya sa ni na faɗi sunanta da ƙarfi na ce ta rasu. Litinin kuma ya kai ni wajen likita da kansa, ya zauna a waje yana karanta littafin fatalwa. A hankali ta daina zuwa. Wannan sirri mun sake tattauna shi a falon Kawu, ɗansa yana ji daga kicin. Shi ya ajiye shekara da shekaru ya fito da shi a ƙofar ɗakin wankan gawa.

Kada a ce na mai da Kawu waliyyi. Yana da ban haushi. Ba ya iya ganin ƙofa a rufe bai murɗa ba. Lokacin da aurena ya mutu na je masa da ciwona, ina so ya ce an zalunce ni, sai ya ce:

"Tsawar da kake yi wa yarinyar nan, muryar wa ce? Na san muryar. Ta ubanka ce."

Na ce, "Kawu, ba komai ne littafi ba. Wani lokaci mace ta ƙi ka ne kawai."

Ya ɗaga murya ya ce ni matsoraci ne, na fi son in zauna da fatalwa da in buɗe taga. Na ce shi kuma ya zauna da mahaukata har ya daina gane masu hankali. Na buga ƙofa. Rani guda ba mu yi magana ba. Har yau ban yarda da shi a kan wannan ba. Shi ya fara kira na, bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi ya sayi kilishi ya yi masa yawa.

Bayan rasuwar matarsa, babban ɗan ya dawo gidan da iyalinsa, wai don a kula da tsoho. Mutum ne mai harka, yana da shago, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan garinmu, a falon nan ake taro duk ƙarshen wata. A wannan lokaci ne mantuwa ta fara kama Kawu. Ya sa butar shayi a firji. Ya fita da silifas cikin sanyi. Ya kira autarsa da sunan mahaifiyata.

Akwai dogon madubi a ƙasan matakala. Wata rana da yamma na zo na tarar da shi a gabansa, ya cire hula, ya ɗan rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Yaushe a gari? Ba su ba ka wurin zama ba?"

Ya juyo ya gan ni, ya ce in kawo wa mahaifinsa shayi, ya sha hanya. Na dubi madubin. Tsoho ne a ciki, mai farin gemu, idonsa cike da ladabi. Na je na haɗa shayin. Me zan yi? Na kawo kofi biyu.

Auta ta ce ciwon mantuwa ne, an san shi, akwai asibitinsa, ta karɓo musu ranar ganin likita. Yayanta ya sa aka soke. Ya ce ba za a rubuta sunan ubansa a takardar mahaukata ba, mutane su ji. Ya ce littattafan nan ne suka jawo, mutum ya shekara arba'in yana kiran fatalwa ai dole wata rana ta amsa. Aka lulluɓe madubin da zanen gado. Aka zuba littattafan a baƙaƙen ledoji aka kai juji. Kawu ya sauko ya tarar da kantocin falo wayam, ya shafa katakon da tafin hannu, ya tambaya ko gidan wani ne aka kawo shi.

Sannan aka zo ga ɗakin sama. Ƙaramin ɗaki ne na ajiye akwatuna, taga ɗaya. Da farko ranar taron ƙungiya kaɗai ake kai shi, kada ya sauko ya gaida zanen gado a gaban baƙi. Daga baya in an yi baƙi kowane iri. Daga baya aka sa sakata ta waje, wai don kada ya faɗo a matakala.

Na zauna a taron nan sau ɗaya. Ana maganar wa zai kawo shinkafa a walimar Sallah, sai aka ji daga sama: ƙwan, ƙwan, ƙwan. A hankali, da ladabi, irin ƙwanƙwasar mai neman izini. Kowa ya ji. Manyan mutane, likitoci a ciki, ma'aikata a ciki. Wani ya gyara murya. Wani ya duba waya. Mai gida ya ce, "Bututun ruwan zafi ne, tsohon gida," aka ci gaba da maganar shinkafa.

Na tashi na hau. Na zare sakatar. Yana zaune a bakin gado da hularsa, ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Auta ta biyo ni. Ranar Allah Ya dawo masa da hankalinsa na ɗan lokaci, ya gane ni, ya gane ɗakin, ya gane sakatar. Na so a ce bai gane ba. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce:

"Ɗan ƙanwata, ka ga ikon Allah? Na gama karanta su, yanzu ni ne a ciki. Ni ne abin da ke ɗakin sama."

Na ce, "Kawu, tashi mu sauka."

"A'a, za su ji kunya." Ya kama hannuna. "In na mutu kai za ka wanke ni. Kai ba ka tsoron abin da ka sani. Auta, kin ji?"

Ta amsa masa da Turanci, tana kuka, ta ce ta ji.

Na yi abin da zan iya. Na yi wa ɗansa magana, ya ce in ina da gidan da ya fi wannan in ɗauke shi, ya san ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya. Na gaya wa liman, ya ce sha'anin iyali sai haƙuri. Ni da auta muka kira kansil, hukumar unguwa mai duba halin tsofaffi. Matar da suka aiko ta zo ta tarar da Kawu a falo cikin farar riga, an shafa masa turare, an cire sakata, ta sha shayi ta tafi. Daga ranar aka ce kada a ƙara buɗe mini ƙofa. A cikin hunturun nan ya rasu. A wane ɗaki, ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe wa mutane ƙofofin da suka kulle a kansu. Ban san darasin da ke cikin wannan ba. In akwai, ni ban gan shi ba. Waɗanda ya zauna da su har suka warke sun zo sun ci shinkafa sun tafi, in ban da dattijon nan na Gana ba wanda zai ce ga abin da ya yi masa, domin faɗin alherin tonon asirin kai ne. Littattafan sun tafi. Auta tana jin Hausa amma ba ta rubuta ta. Saura ni, mai ganin matattu a tashar bas.

Ranar addu'ar bakwai na koma gidan. Ba a hana mutum shiga gidan makoki. Da aka shafa fatiha mutane suka fara neman takalmansu, na ga an yaye zanen gadon nan, madubin ya fito, an goge shi tas. Taubashina yana tsaye a gabansa yana sallamar baƙi, da babbar riga, ya sa hular Kawu zanna. Tun rasuwar bai yi aski ba, gemun ya fito fari. Ban taɓa lura ba sai ranar. Goshin, da yadda kafaɗar hagu ta ɗan sauka, duk na Kawu ne. Tsikar jikina ta tashi kamar a kangon nan.

Ya gan ni, ya buɗe hannu, ya ce da ƙarfi don a ji:

"A'a, taubashi! Har yanzu fushi ake? Ko Baban ya zo maka a tashar bas?"

Aka fara 'yar dariyar nan. Na matsa kusa da shi har ina jin turarensa. Ban ɗaga murya ba. Na ce:

"Alhaji, ajiye wasan, yau ba taubashinka ne ke magana ba, ɗan ƙanwar ubanka ne. Ba don ina ganin matattu ka hana ni wanke shi ba. Don na ji ƙwanƙwasa ne, kuma na san ba bututu ba ne. Kowa a falon nan ya ji, ni kaɗai na hau. Ni bai zo mini ba, kuma ba zai zo ba, ba abin da na ɓoye masa. Fatalwa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba, shi ya faɗa. Juya ka dubi bayanka. Ka zubar da littattafansa, ka sa masa sakata, ka rufe shi da ƙasa, amma wannan fuskar ba ta da juji. Ka hana ni wanke shi sau ɗaya. Kai kuwa kullum da safe sai ka wanke masa fuska da hannunka, har ranar da za ka cire hula ka gaishe shi. Ranar nan, ka roƙi Allah 'ya'yanka ba su lura da inda ka ajiye sakatar ba."